Injin Goge Mota: Da Kaurin Fenti Ake Sayen Ƙyalli

Duk wanda ya bi ta wuraren wankin mota a manyan garuruwa irin su Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato, musamman a jajiberin salla, zai lura cewa wani baƙo ya shigo sana'ar. Ban da bokiti da soso da tsumma da aka saba gani, yanzu akan ga saurayi riƙe da wani inji mai faifai a baki, yana bin jikin mota da shi. Kafin a jima, motar da ta zo a dusashe sai ta koma tana ɗaukar ido kamar yau aka fito da ita daga kamfani. Mai mota ya biya da fara'a, ya kuma ƙudurta a ransa cewa duk wata zai riƙa kawo ta a yi mata haka.

Wannan ƙuduri nasa shi ne abin dubawa. Injin goge fenti kayan aiki ne mai amfani, kuma ya buɗe wa matasa da dama hanyar cin abinci. Amma akwai wata gaskiya da yawancin masu motoci, har da wasu masu riƙe da injin, ba su sani ba: injin ba ya ƙara wa fenti komai, ragewa yake yi. Duk ƙyallin da ya fito, da kaurin fenti aka saye shi, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan har abada. Ya kamata a ɗauki fentin mota kamar rumbun da ake ɗiba ba a zubawa. Saboda haka a zaɓi injin da ya fi tausayin fenti, a riƙa gogewa jefi-jefi, a kuma yawaita shafa kaki. Dalilan hakan duk suna cikin darussan kimiyyar da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Me ke sa abu ƙyalli?

Ruwan tafki da ya kwanta lif da sassafe yakan nuna hoton itatuwa da sararin sama kamar madubi. Da iska ta kaɗa shi sai hoton ya wargaje, alhali ruwan bai canza ba, fuskarsa ce kawai ta yamutse. Ƙa'idar ita ce, haske yakan dawo daga kan abu a bisa kusurwa daidai da wadda ya sauka da ita. Masana sun daɗe da sanin wannan, kuma Ibn al-Haisam ya yi bayaninsa dalla-dalla a cikin littafinsa Kitab al-Manazir, wanda ya rubuta a Misira tsakanin shekarar 1011 da 1021. In fuskar abu sumul take, hasken da ya sauka a jere zai dawo a jere, ido ya ga hoto. In kuwa tana da kwari da tudu, kowane ɗan gefe zai jefa hasken wani wuri dabam, ido ya ga dusashewa.

Tsawon zangon hasken da ido ke gani bai kai maikiromita 1 ba, yana tsakanin 0.4 da 0.7 ne. Maikiromita kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ke nan ƙarzanen da yatsa ba zai taɓa ji ba ya isa ya wargaza haske. Shi ya sa baƙar mota in ta tsaya a rana akan ga wasu zare-zare kamar saƙar gizo-gizo kewaye da hoton ranar a jikinta. Dubban ƙananan ƙarzane ne da tsumma da ƙura suka bari. Sun nufi ko'ina, amma waɗanda suka gitta wa hasken ne kaɗai suke bayyana, don haka suke kama da da'ira.

Babu yadda za a yi inji ya cike waɗannan ƙananan ramuka da sabon fenti. Abin da yake yi shi ne ya kankare tudun da ke kewaye da su har ya zo daidai da ƙasan ramin. Tamkar mai daɓen ɗaki ne da ba shi da ƙasar ciko: in yana son wuri ya daidaita, sai dai ya sare tudu ya zubar.

Nawa ke cikin rumbun?

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafen da ke hana tsatsa. A bisansa akwai wani da ke daidaita wuri, ya kuma riƙe na samansa. Sai na uku, wanda shi ne mai launi, ja ko shuɗi ko baƙi. Na huɗu, wanda hannu ke taɓawa, ba shi da launi ko kaɗan, garau yake kamar gilashi, don haka a nan za a kira shi shafen garau. In aka haɗa duka huɗun, kaurinsu a fentin kamfani yakan kasance tsakanin maikiromita 100 da 150, wato kimanin kaurin fallen takardar rubutu ko ɗan fiye da haka. Shafen garau shi kaɗai yakan kasance tsakanin 35 da 50, bai kai kaurin gashin kan mutum da yawa ba.

Wannan ɗan siririn shafe shi ne garkuwar sauran. A cikinsa ake zuba sinadaran da ke tare hasken nan na rana mai ƙuna wanda ido ba ya gani, da ake kira altarabayolet. In ya yi sirantaka ƙwarai, rana za ta ci ƙarfinsa, ya yi fari-fari, ya fara saɓulewa kamar saɓar maciji. Duk wanda ya lura da saman tsofaffin motoci 'yan Kwatano ya ga irin wannan. Shawarar da aka fi ji daga masana fenti ita ce kada a cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa a tsawon rayuwar motar.

Ɗalibi zai iya yin lissafin da kansa. A ce kaurin shafen garau maikiromita 40 ne. Rubu'insa 10 ke nan. In kowace gogewa tana cin 2, wanda ba ƙari ba ne ga matsakaiciyar gogewa, to sau 5 kacal aka yarda a yi. Mai motar da ya ƙudurta kawo ta duk wata zai cinye rabonsa cikin wata 5, kuma in ya ɗore a haka, kafin shekara biyu babu sauran shafen garau a jikin motarsa.

A nan ilmin halittu yana da misalin da ya dace. Kaurin fatar sama ta ɗan Adam a yawancin sassan jiki ya yi kusa da na fentin mota, kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Amma fata rayayya ce. Ƙwayoyin halittar da ke ƙasa suna ta rabuwa suna turo sababbi, ta yadda cikin kimanin wata guda fatar sama takan sabunta. Wanda ya kurje yau, mako mai zuwa ya warke. Fenti ya fi kama da farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori. Shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, amma babu rayayyun ƙwayoyin halitta a cikinsa, saboda haka abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Mai dirje haƙori da gawayi ko toka kullum zai ga fari na ɗan lokaci, daga baya ya kasa shan ruwan sanyi. Mai goge mota duk wata hanyarsu ɗaya.

Gogewa dabam, shafa kaki dabam

Babban ruɗanin da ake samu shi ne haɗa ayyuka biyu a ƙarƙashin suna ɗaya. Man gogewa yana ɗauke da garin ma'adini mai tauri, galibi alminiyam oksaid, wanda yake na 9 a ma'aunin taurin ma'adinai da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, inda lu'ulu'u yake na 10. Samfefa ce a siffar mai. Akwai mai kaushi domin ƙarzane masu zurfi, akwai mai laushi domin ƙarasawa, amma dukkansu ci suke yi.

Kaki kuwa ƙari ne. Ana shimfiɗa shi a kan fenti ya zama riga, ya karɓi dukan rana da ruwa da kashin tsuntsu a madadinsa, ya ƙare, a sake wani. Dabarar daga tsirrai aka aro ta. Ganye yakan lulluɓe kansa da kaki domin kada ruwan jikinsa ya tsere. Duk wanda ya ɗiga ruwa a kan ganyen gwaza ya ga yadda yake dunƙulewa ya gangare bai jiƙa shi ba, kuma farin garin nan da ke kan ganyen tumfafiya ma kaki ne. Kakin da ya fi suna a harkar mota shi ne kanoba, wanda ake samu daga ganyen wani iccen dangin dabino da ke arewa maso gabashin Barazil. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Salshiyas, alhali kakin zuma a digiri 62 zuwa 64 yake narkewa. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin saman baƙar mota a tsakiyar ranar bazara yakan haura digiri 70.

Saboda haka tambayar farko da ta kamata mai mota ya yi, kafin a taɓa motarsa, ita ce: abin da ke cikin gwangwanin nan ci yake yi ko rufewa? Wasu mayukan ma haɗi ne, suna ɗauke da kaki da ɗan garin gogewa tare. Karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani ya fi dogara da ƙamshinsa ko launinsa.

Wane inji za a saya?

Injinan da ke kasuwa manyan iri biyu ne. Na farko mai juyi ɗaya ne. Faifansa yana juyawa a kan sanda ɗaya kamar fanka, galibi tsakanin juyi 600 da 3,000 a minti ɗaya. Yana da ƙarfi, yana da sauri, kuma ba ya tsayawa komai aka danna shi. Na biyu mai juyi biyu ne. Faifansa yana juyawa a kan kansa, a lokaci guda kuma tsakiyarsa tana zagaya wata 'yar da'ira, kamar yadda duniya take juyawa a kan kanta tana kuma zagaya rana. Faɗin wannan zagaye yakan kasance milimita 8 ko 15 ko 21, gwargwadon injin. A yawancin irin waɗannan, zagayen kaɗai injin ke tilastawa, juyin faifan kuwa sake yake. In aka danna da ƙarfi ko aka karkata, sai juyin ya tsaya da kansa.

Bambancin da ke tsakaninsu maganar zafi ce. Tun a shekarun 1840 James Joule na Ingila ya tabbatar cewa aikin motsi yana komawa zafi, kuma duk wanda ya murza tafukansa a lokacin sanyi ya gwada hakan. A inji mai juyi ɗaya, gefen faifai ya fi tsakiyarsa gudu nesa ba kusa ba. In faɗin faifan santimita 18 ne, kewayensa kimanin santimita 56.5 ke nan. A juyi 1,500 a minti ɗaya, gefen yana shafe mita 848 a kowane minti, wato kimanin kilomita 51 a awa, kuma hanya ɗaya yake ta bi. In hannu ya daɗe a wuri guda na 'yan daƙiƙoƙi, ko faifan ya hau kan kaifin ƙofa inda fenti ya fi siranta, shafen garau zai yi laushi ya ƙone, a ga launin ƙasa ya leƙo. Shi kuwa mai juyi biyu ba ya bin hanya ɗaya sau biyu a jere, don haka zafin yana bazuwa.

Ga mai mota da zai yi wa kansa, da ɗalibin da ke neman sana'ar hutu, da duk wanda bai shekara yana koyo a hannun gwani ba, mai juyi biyu shi ne zaɓi. A nemi mai maɓallin rage gudu da ƙarawa, mai faifai matsakaici na santimita 12.5 zuwa 15, wanda nauyinsa ba zai gajiyar da hannu ba. A duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsa. Wutar Nijeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 240 ne, ta Amurka kuwa 120, kuma injin da aka yi domin can in aka jona shi a nan kai tsaye zai ƙone. A kuma tabbatar ana samun faifansa a kasuwar garin, domin faifai ne ke saurin ƙarewa.

Shi ma faifan iri-iri ne. Na ulu ya fi kowanne ci. Na soso mai tauri yana biye da shi, sai matsakaici, sai mai laushi ƙwarai wanda ba ya ci, domin shafa kaki. Launin soso ba abin dogaro ba ne, domin kowane kamfani da nasa tsarin.

Akwai wata al'ada da ta cancanci a yi tir da ita, wato ɗaura faifan gogewa a bakin injin yankan ƙarfe na masu walda, saboda ya fi araha kuma yana kama da injin gogewa. Ƙaramin injin yankan ƙarfe yana juyi kimanin 11,000 a minti ɗaya. Da faifai mai faɗin santimita 12.5, gefensa zai yi gudun kusan kilomita 260 a awa. Babu fentin da zai jure wannan, kuma soso yana iya tarwatsewa ya faɗa wa mai aiki a fuska. Araha dai ba ta ado.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu riƙe da inji mai juyi ɗaya suna da abin faɗa, kuma adalci ne a saurare su. Za su ce injinsu ya fi samuwa a kasuwa, ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, kuma aikin da zai gama cikin awa ɗaya sai ya ci wa ɗayan awa biyu ko uku. Ga mutumin da yawan motocin da ya gama ne abincinsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Za su ƙara da cewa a wurin masu fenti, bayan an fesa sabo an bi shi da samfefar ruwa, wannan injin ne ya fi saurin fito da shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma a hannun gwani injin yana yin aikin da ba a raina shi. Amma gwanin ya kai matsayinsa ne bayan ya lalata ƙofofi da yawa a wajen koyo, kuma bai kamata motar mutane ta zama allon koyon kowa ba. Wanda zai riƙe shi ya fara da ƙofofin da aka jefar a wurin masu gyaran jikin mota.

Wasu masu motoci kuma za su ce fenti ne kawai, in ya lalace a sake wani. Amma fentin kamfani ana gasa shi ne a zafin kimanin digiri 140 tun motar tana ƙwarangwal, babu roba babu waya a jikinta. Bayan an haɗa ta ba za a iya maimaita wannan ba, shi ya sa da wuya fentin gareji ya kai na asali ƙarko. Kasuwa ma ta san haka. Tambayar da mai sayen tsohuwar mota yake fara yi ita ce ko fentinta na asali ne, kuma amsar tana taɓa farashi. Wanda ya cinye shafen garau domin ƙyallin salla ɗaya ya rage darajar dukiyarsa da hannunsa.

Ƙura kafin inji

Yawancin ƙarzanen da ake neman inji ya cire, a wajen wanki aka yi su. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, kuma ɗaya daga cikin manyan wuraren da take tasowa shi ne kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, wanda a da can ƙasan wani babban tafki ne. Ƙurar can tana ɗauke da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa dangin gansakuka da ake kira dayatom, waɗanda suke gina gidajensu da sinadarin gilashi. Abin sha'awa, garin irin wannan ɓawo an daɗe ana zuba shi a cikin man goge ƙarfe da man goge haƙori saboda kaifinsa. Ban da shi akwai garin ma'adinin kwaz, wanda shi ne asalin yashi, kuma na 7 ne a ma'aunin Mohs, ya fi gilashi tauri balle fenti. Yaron da aka sa ya share mota da busasshen tsumma da safiyar hunturu, samfefa yake bin ta da ita bai sani ba.

Rigakafi a nan ya fi magani nesa. A fara zuba ruwa ya kwashe ƙurar kafin hannu ya taɓa. A yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, domin yashin da soso ya kwaso kada ya koma jikin mota. A fara daga sama a gangaro, a ware wa tayoyi nasu soson. A guji garin sabulun wankin tufafi, domin yana wanke kaki tas. Kashin tsuntsu kuwa a cire shi da ruwa da zarar an gani, domin yana ɗauke da asid, kuma zafin rana yana taimaka masa ya bar tabo.

In gogewa ta zama dole

In fenti ya riga ya dusashe, ga tsarin da ya fi kiyaye shi. A yi aikin a inuwa, bayan jikin motar ya huce. A wanke ta sosai, a shafa da tafin hannu. In an ji tsakuwa-tsakuwa, akwai wani danƙo mai kama da yumɓu da ake sayarwa domin tsince su, ana bin wurin da shi tare da ruwan kumfa. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin faifai ta isa ta zane ƙofa guda.

A gwada ƙarzane da farce. In farce ya maƙale a ciki, zurfinsa ya wuce abin da gogewa za ta cire ba tare da ɓarna ba, sai dai a rage kaifinsa a haƙura. A kuma gwada irin fentin ta hanyar shafa ɗan man gogewa da farin ƙyalle a wani lungu. In launin motar ya fito a jikin ƙyallen, to babu shafen garau, fenti mai hawa ɗaya ne irin na tsofaffin motoci da yawa, ciki har da motocin Peugeot na farko-farko da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Mai sana'a da gaske ya kamata ya mallaki 'yar na'urar auna kaurin fenti, wadda take aiki da maganaɗisu a kan ƙarfe. Takan nuna inda aka taɓa sake fenti ko aka cika da foti, da inda fenti ya yi sirantakar da bai kamata a taɓa shi ba.

A rufe robobi da kaifin gefuna da tef. Sannan a zaɓi wuri ɗaya a yi gwaji, a fara da mai mafi laushi da soso mafi laushi. In sun wadatar, shi ke nan. In ba su yi ba, a ƙara mataki ɗaya kawai. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce ta ɗakin gwaje-gwaje: a canza abu ɗaya, a duba sakamako, sannan a ci gaba.

A ɗiga man a kan soso sau 3 ko 4, kowane ɗigo kamar ƙwayar wake. A ɗora faifan a jikin mota kafin a kunna, kada kuma a ɗaga shi sai an kashe, in ba haka ba man zai fantsama ko'ina. A ɗauki fili kimanin rabin mita tsawo da faɗi, a baza man da ƙaramin gudu, sannan a ƙara. Hannu ya riƙa tafiya a hankali, kimanin santimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya, a yi tsaye a yi kwance. Faifai ya kwanta daidai, kada a tsaya a wuri ɗaya. Lokaci-lokaci a taɓa wurin da bayan hannu, in ya yi zafin da ba a jurewa a dakata. A yi hattara da bamba ta roba, domin roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, tara shi take yi. Bayan kowane fili a share da ƙyalle mai laushi, a haska tocila a duba, a kuma tsabtace soson.

Lafiyar mai aiki ta fi ta fenti. Ya sa tabarau da abin rufe hanci. Ya cire babbar riga da duk abin da ke lilo wanda faifai zai iya naɗewa. Ya rataya waya a kafaɗa, kada ya tsaya cikin ruwa da inji a hannu. In da janareta ake aiki, a ajiye shi a fili, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari amma tana kisa.

Shafa kaki shi ne aiki mafi sauƙi. Soso mai laushi, ƙaramin gudu, babu dannawa, a shimfiɗa shi siriri ƙwarai. Kakin da ya taɓa fenti ne kaɗai yake kamawa, sauran asara ne da wahalar sharewa. In ya ɗan bushe ya yi hazo-hazo, a share da tsabtataccen ƙyalle. Ko babu inji hannu yana yin wannan. Kakin kanoba yakan yi makonni zuwa wata biyu ko uku, na haɗin sinadarai yakan fi shi daɗewa, kuma zafin rana yana rage kwanan kowannensu. Alamar ƙarewarsa a bayyane take: in ruwa ya daina dunƙulewa ya fara kwanciya, lokacin sabuntawa ya yi. Motar da aka yi wa sabon fenti kuwa a bar ta wata ɗaya zuwa uku kafin a rufe ta da kaki, domin sinadaran da ke cikin fentin su gama fita.

Ga malamai da ɗalibai

Wannan batu darasi ne da ba ya bukatar kayan tsada. Malami zai iya samo tsohuwar ƙofar mota, ya raba ta gida uku da tef. A share gida ɗaya da busasshen tsumma mai ƙura, a goge na biyu da man goge haƙori, a shafa wa na uku kaki. Sai ɗalibai su haska tocila su kwatanta, su ɗiga ruwa su ga inda ya dunƙule, su kawo ganyen gwaza da na tumfafiya su gwada. A darasin lissafi su auna faɗin faifai su fitar da gudun gefensa. A zama ɗaya an taɓa haske da zafi da taurin ma'adinai da rayuwar tsirrai.

Da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai za su mallaki mota, wasunsu kuma da wannan inji za su riƙe kansu. Wanda ya san cewa kaurin da ke ƙarƙashin faifansa bai kai na gashi ba, zai iya gaya wa mai mota cewa wannan karon wanki da kaki sun isa, a bar gogewa sai baɗi. Zai rasa kuɗin rana ɗaya, amma mai motar zai daɗe yana dawo masa, har ya kawo wasu. Shi kuma mai mota, maimakon ƙudurin gogewa duk wata, ya ƙudurta wanki mai kyau duk mako, kaki duk wata biyu ko uku, inuwa duk inda ta samu, inji kuwa sai in babu makawa. Masu riƙe da injin kada su ɗauki wannan a matsayin suka ga sana'arsu, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.